Baba da Jar Motar da Ta Mutu a Hanyar Madani

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mahaifinmu ya rasu a ƙarshen kakar albasa, muka rufe shi a maƙabartar ƙauyenmu da ke gabas da kogi, tsakanin Rufa'a da Wad Madani a ƙasar Sudan. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ni aka zaunar a bakin rumfar makoki. Duk wanda ya shigo ya ɗaga hannuwa ya ce Fatiha, in miƙe in ɗaga nawa, har gwiwoyina suka gaji da tashi da zama.

Dattawan masallaci sun faɗi alheri mai yawa a kansa, kuma babu ƙarya a ciki. Wani ya tuna shekarar da injin ban ruwansa ya ƙone, Baba ya kwance nasa ya ɗora a amalanke ya kai masa, ya bar tasa albasar tana jiran rabo. Wani ya ce bai taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba. Liman ya yi dogon bayani a kan gonarsa da hajjinsa da sahun gaba da ba ya rasawa. Amma na lura duk wanda ya fara yabon, akwai wurin da yake zuwa ya yi tari, ya gyara rawani, ya ce Allah dai Ya gafarta masa. Babu wanda ya ambaci motar, alhali tana nan a ƙarƙashin rumfar kara, kusa da inda muke zaune. Tun kafin baƙi su fara zuwa na sa ƙanena ya lulluɓe ta da tamfol.

Washegari da hantsi mutanen Madani suka iso. Sun bar motocinsu can bakin magudanar ruwa, wajen gari, suka tako a ƙasa don kada ƙara ta dami masu makoki. Samari ne yawancinsu, cikin fararen jallabiyoyi, amma baƙin mai bai fita daga ƙarƙashin farcensu ba. Wasu 'ya'yan Hausawa ne da Hausar ta fara kuɓuce musu, wasu ba su jin ko sannu. A gabansu akwai Usta, wato babban makanike mai warsha, gareji ke nan, a unguwar masu gyaran mota, ƙaton mutum mai furfura a gemu. Ya ɗaga hannu zai yi Fatiha sai kuka ya ƙwace masa, kuka mai sauti, irin wanda ba a saba ji a rumfar maza ba. Dattawa suka sunkuyar da kai. Wanda ke kusa da ni ya matso ya tambaye ni a kunne su wane ne waɗannan. Na ce masa abokan hulɗar Baba ne na Madani, na bar shi ya ɗauka dillalan albasa ne.

Da suka sha shayi, Usta ya nemi izini ya ga motar. Ban iya hana shi ba. Ya ɗage tamfol ɗin a gaban kowa, jan fentinta ya haska a rana, samarin suka kewaye ta suna kallo. A nan na gane cewa idan aka bar mana, mu 'ya'yansa da mutanen garinsa, rabin mutum za mu riƙa tunawa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Baba manomin bakin kogi ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙasa, kogin nan ya riƙe shi, ya sare daji ya kafa gona. Baba ya gaji albasa da mangwaro da lemun tsami, ya kuma gaji Hausar tsofaffi, wadda jikokinsa ke dariya idan sun ji. Tun yana saurayi yake son inji. Ana cikin magana da shi, in lori ya wuce a kan kwalta, sai ya ɗaga yatsa, ya karkata kai, ya ce wannan ba zai kai garin Sinnar ba. Wani lokaci ya canka, wani lokaci lorin ya je ya dawo lafiya ƙalau, amma hakan bai taɓa sa ya daina yanke hukunci ba. Yana da tsohuwar akori-kura da yake kai kaya kasuwar Rufa'a, kuma ya fi daɗewa a ƙarƙashinta fiye da a cikinta.

Tsakanina da shi akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son wani abu daga gare ni, ko ina tsaye a gabansa, sai ya dubi Inna, mahaifiyarmu, ya ce ta faɗa wa wancan kaza. Da na zama malamin makaranta ya samu sauƙi, ya koma ce mini Malam. Ban taɓa cin abinci a akushi ɗaya da shi ba, ban taɓa dariya da ƙarfi a inda yake ba. Ƙannena suna hawa kafaɗarsa, ni ina kallo daga nesa, kuma ban ɗauki hakan ƙiyayya ba, haka na tarar ana yi.

Motar ba tasa ba ce da farko. Ƙanena da ke aiki a Saudiyya ne ya auno ta ta jirgin ruwa, da niyyar ya riƙa hawa in ya zo hutu. Ƙaramar mota ce, ja, mai ƙasa-ƙasa, irin wadda aka ƙera don gudu, injinta da tirbo. Ya roƙi Baba ya riƙa tayar da ita lokaci-lokaci don kada batir ya mutu. Baba ya fara da tayarwa a tsaye. Daga nan ya ce taya na lalacewa in ba ta juyawa, ya riƙa kai ta bakin kwalta ya dawo. Kafin ƙanena ya zo hutun farko, kowa daga garinmu har gadar Madani ya san tsohon nan mai farin rawani a cikin jar mota. Ƙanena ya duba fuskar ubansa, ya miƙa masa makulli, ya ce ya bar masa.

A cikin motar nan ne na fara hira da mahaifina. Ranar da zan je ofishin ilimi a Madani, ya aiko Inna ta ce in Malam yana so ga mota za ta. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa na duban gaba, kuma da yake ba sai mun haɗa ido ba, sai bakinsa ya buɗe. Ya bayyana mini tirbo kamar yana karantar da ɗalibi. Ya ce wata 'yar fanka ce a cikin ƙarfe mai siffar katantanwa, hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta, ita kuma ta cusa iska a cikin injin da ƙarfi. In iska ta yi yawa sai a ƙara mai, in mai da iska suka yi yawa sai ƙarfi ya ƙaru. Ya taka, na ji kamar wani ya tura ni daga baya, itatuwan bakin hanya suka haɗe. Na saci kallonsa. Murmushi yake yi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, duk haƙoransa a waje. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, kamar na leƙa ɗakin da bai kamata in leƙa ba.

Ƙarfin da masu ƙera motar suka ba ta bai daɗe yana isarsa ba. Ya fara zama a warshar Usta, yana shan jabana, wato gahawa, da samari 'yan tsere, yana koyon abin da ake ƙara wa irin wannan inji. Abu na farko da ya canza shi ne salansa. Ya cire ta asali ya sa mai faɗin baki, ya kuma sa wani ɗan bututu da ke fesar da iska da ƙara duk lokacin da ya ɗaga ƙafa daga totur. Daga ranar garinmu ya daina buƙatar a gaya masa Baba ya fita ko ya dawo. Awaki na watsewa, mata na leƙowa ta katanga suna rufe baki da mayafi. A makaranta, in na juya ina rubutu a allo, sai in ji wani daga bayan aji ya yi fishsh da bakinsa, ajin ya ɗauki dariya a ciki-ciki. Ban taɓa hukunta kowa a kan hakan ba. In na hukunta, na yarda ke nan na san da wa suke.

A lokacin ne ya ɓata da maƙwabcinmu mai lori, abokinsa tun na ƙuruciya. Baba ya wuce shi a kan kwalta da oda da ƙara, ya bar shi cikin ƙura, kuma ba sau ɗaya ba. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci maƙwabcin ya ce, a inda kowa ke ji, furfura da gudu ba sa haɗuwa sai a kan wanda hankalinsa ya taɓu. Baba ya amsa cewa mai jaki ba ya rasa wa'azin da zai yi wa mai doki. Daga nan suka koma sallama kawai, ita ma a taƙaice.

Ina wurin ranar da ya nemi a yi wa motar abin da suke kira barmaja, wato a sake tsara ƙwaƙwalwar injin don tirbo ya riƙa cusa iska fiye da yadda aka ƙayyade masa. Usta ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya yi masa magana a hankali, da Larabci, cikin girmamawa. Ya ce barmaja ita ce ta ƙarshe a jeri, ba ta farko ba. Iskar da aka matsa zafi take yi, kuma a ƙasarmu tun kafin a matsa ta da zafinta take shigowa. Sai an fara sa babban akwatin sanyaya iska, an canza lagireto, an sa birki da tayoyin da za su iya tsai da abin da ake shirin saki, an duba ko kuloci zai ɗauka. Sannan ga maganar mai. A shekarun nan gidajen mai layi ne har ƙarshen titi, kowa a jarka yake saye a bakin hanya, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma injin da aka matsa wa lamba ba ya yafe mugun mai. Ya ce motar tsere tana gudu na ɗan lokaci ta huta, amma motar hanya da rana tsaka take aiki, da kaya, da mutane a ciki.

Baba ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya yi dariya ya ce da Hausa, yana dubana ta gefen ido, "Hwaɗa mashi shekaruna ba su jiran lagireto. Ni ba ni da lokacin bin layi."

Usta ya ƙi yi. Baba bai yi fushi ba, ya yi masa sallama, ya nemi wani saurayi mai na'ura a jaka a wata unguwa, wanda ba ya tambayar komai, ya yi masa barmajar. A hanyar dawowa motar ta zama wata dabba daban. Ko ni da ba na son abin na ji a ƙirjina.

Baba yana da yaya mace, Gwaggonmu, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita kaɗai ce a duniya ke kiransa Auta, kuma ita kaɗai yake tsoro. Gidanta na bayan namu. Ba a daɗe da yin barmajar nan ba, a tsakiyar bazara, ana gab da azahar, jikarta ta shigo da gudu ta ce Gwaggo ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace, magana ba ta fita. Muka ɗauko ta muka shimfiɗa a kujerar baya, kanta a cinyata. Inna ta ce a kira maƙwabci ko a nemi wata mota mai faɗi. Baba ya ce babu abin da zai riga wannan isa asibiti a duk gabashin kogi, kuma gaskiya ya faɗa, da a ce ta isa.

Rana ce irin wadda kwalta ke yin laushi. Ya taka motar iya takawa, ya riƙe ta a haka, ba sassauci. Mun yi nisa sosai sai na fara jin wata ƙara daga gaba, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ga ya dubi allurar zafi, ya dubi hanya, ya dubi madubi inda fuskar yayarsa take. Na san ya ji, shi da ke jin ciwon lorin da ke wucewa daga nesa. Da ya ɗaga ƙafa ya tafi a hankali, wataƙila da mun isa. Bai ɗaga ba. Ƙarar ta ƙaru, motar ta yi wata irin shaƙuwa, farin hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, ta gangara gefen hanya ta mutu. Wurin fili ne fetal, gonakin da aka girbe hagu da dama, babu ko itacen da akuya za ta fake.

Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Sannan ya fita. Na ga mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba, ya warware rawaninsa ya tsaya a tsakiyar kwalta yana kaɗa shi. A wannan lokaci na rana hanya ba kowa, duk mai hankali yana inuwa. Wata bas ta zo cike maƙil, direban ya rage gudu, ya nuna da hannu babu wuri, ya wuce. Cikin motar ya zama tanda. Na cire rigata na kare wa Gwaggo taga, ina jiƙa mata leɓe da ɗan ruwan da ya rage. Idonta ɗaya a buɗe yake, yana kallon ƙaninta ta gilashi. Ba zan iya cewa ga tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai san inuwar motar ta matsa daga inda take.

Wanda Allah Ya kawo shi ne maƙwabcinmu mai lori, da lodin albasa zai kai Madani. Ya tsaya, ya sauko, ya leƙa cikin motar. Gaban lorin zafin inji ne kuma babu wurin kwanciya, don haka muka ɗaga Gwaggo muka shimfiɗa ta a kan buhunan albasa, muka yi mata rumfa da rawanin Baba, ni na riƙe gefe Baba ya riƙe gefe. Haka muka shiga Madani, a kan lorin da ya saba bari cikin ƙura, yana tafiyarsa ta kullum. Duk tsawon hanyar Baba bai ɗaga ido daga buhun da ke gabansa ba. Ni ma ban dube shi ba. Babu abin da ya fi nauyi ga ɗa kamar ya ga ubansa a wannan hali, kuma uban ya san an gani.

Gwaggo ta rayu. Magana ta dawo mata a hankali, ƙafa ta ɗan dawo, amma hannun dama bai sake motsi ba. Likitan ya ce irin wannan ciwo da lokaci ake tsere, ya tambaya yaushe ta faɗi. Na faɗa masa. Ya ci gaba da rubutu. Bai ce da mun zo da wuri da hannun ya tsira ba, bai kuma ce da bai tsira ba. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya ji tambayar, ya ji amsar, bai nemi ƙarin bayani ba har ya bar duniya.

Bayan an sallamo ta ya daɗe bai shiga sahun gaba ba. Yakan zo a makare ya tsaya a baya kusa da takalma, ya fita kafin a gama addu'a. Ya je gidan maƙwabci da kansa, ya tsuguna a zaure kamar yaro. Maƙwabcin ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce shi ma bakinsa ya yi kaifi a ƙofar masallaci, a bar maganar. An jawo motar da igiya zuwa warshar Usta, kowa a gari ya ɗauka shi ke nan, an rabu da ita.

Mu 'ya'yansa muka yi shawara a sayar da ita ko a yadda take. Da yake ba zan iya fuskantarsa da irin wannan magana ba, sai na tura Baffa, ƙanin kakanmu da ya rage a raye, ya isar. Baba ya saurare shi, sannan ya aiko a kira ni. Ya zauna yana duban bango, ni ina duban tabarma.

"Malam na son in sai da ita don mutane su ce mota ta yi laihi," in ji shi. "Ƙarhe ba ya laihi. An hwaɗa mani gaskiya, na ji da kunnena, na tahi wurin wanda ba ya hwaɗi. In na sai da ita na ɓuya bayanta ke nan."

Na fita raina a ɓace. Na ɗauka son motar ne ya fi ƙarfinsa yake neman hujja, kuma har yau ina ganin akwai wannan a ciki. Mun yi watanni ba na shiga inda yake sai gaisuwar safe.

Ya koma wurin Usta. Usta ya gaya mini a ranar makoki cewa da Baba ya shigo warshar bai zauna a kujerar da ya saba ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya zo a fara daga inda aka ce masa tun farko. Aka sauke injin aka sake gina shi. Aka sa birki da tayoyi tukuna, sannan lagireto mai kauri da babban akwatin sanyaya iska, sannan kuloci. Ya sa aka cire salansa mai ƙara aka sa wadda ke barin hayaƙi ya fita sosai ba tare da ta tashi gari ba. Wani ya kawo masa tallar tirbo mafi girma, ya ƙi, ya ce babban tirbo sai inji ya yi nisa da juyi yake farkawa, shi kuwa hanyarsa cike take da amalanke da jakuna da ramuka, abin da yake buƙata shi ne mota mai amsawa da wuri ta kuma tsaya da wuri. Barmaja ta zo a ƙarshe, Usta ya yi ta da sassauci, ya bar wa mugun mai da zafin bazara wuri. Aikin ya ci fiye da kaka ɗaya, don sai ya sayar da amfanin gona yake ƙara abu na gaba.

Samarin da suka zo ta'aziyya, a lokacin gyaran nan ne ya san su. Duk wanda ya shigo warshar yana neman a ƙara wa motarsa ƙarfi, Usta sai ya nuna masa tsohon da ke zaune da kofin jabana. Baba ba ya wa'azi. Tambaya yake yi: ina kake hawa da ita, wa kake ɗauka, a ina kake shan mai, in yaro ya ɓullo daga bayan amalanke a taku nawa za ka tsaya. In saurayin ya fara ƙosawa, sai ya ce masa shi ne tsohon da ya shanya yayarsa a rana, ya ba shi labarin tun daga farko, bai rage komai ba, har da ƙarar da ya ji ya ƙi ɗaga ƙafa. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini ya ji labarin sau da yawa. Wasu sun ji maganarsa, wasu sun tafi wurin mai na'ura a jaka. Yakan ce wanda bai iya tsayawa ba bai iya tafiya ba. Ni duk wannan ban sani ba sai bayan ransa. Abin da na sani kawai shi ne ubana yana yini a cikin 'yan tsere, kuma in abokan aikina suka ce sun gan shi sai in canza magana.

Bai daina gudu ba, kada in yi masa ƙarya. In hanya ta buɗe da sanyin safiya yakan sake ta, murmushin nan ya dawo. Amma idonsa na kan allurar zafi, kuma in ya iso gida ba ya kashe inji nan take, sai ya zauna yana jan carbi har tirbo ya huce. Masu haihuwa da masu ciwo na garinmu da yawa a jar motar nan suka isa Madani. Gwaggo dai ba ta sake shigarta ba. In za ta asibiti lorin maƙwabci ko bas take bi, shi kuma bai taɓa tayi ba.

Abin da bai fasa ba tun daga sallamarta shi ne zuwa gidanta kowace safiya. Daga masallaci zai biya ya karɓi shayi da madara a wurin Inna, ya kai mata da hannunsa, ya zauna a bakin gadonta ya murza mata mataccen hannun da man riɗi, yatsa bayan yatsa. Ita kuwa faɗa take yi masa tun daga shigarsa har fitarsa: shayin ya yi sanyi, hannunsa kaushi kamar na jaki, Auta bai taɓa iya komai ba tun yana goye. Yana sunkuye yana cewa to, Yaya. Jikarta ta gaya mini ya sha roƙonta gafarar ranar nan, kuma duk lokacin da ya fara sai ta juya fuska bango ta ce a ƙara mata sukari.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ƙirji ne ya riƙe shi wata safiya bayan ya dawo daga gidanta. Ƙaramin ƙanenmu ya ja motar, ni na zauna a baya, kan Baba a cinyata, karo na farko a rayuwata da hannuna ya taɓa kansa. Ƙanena ya taka da ƙarfi. Baba ya buɗe ido ya ce masa ya dubi allura, ya tafi yadda za a isa. Mun isa. Kwanansa kaɗan a asibitin Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, na bi gidajen dangi da maƙwabta ina roƙa masa yafiya kamar yadda aka saba. Na bar gidan Gwaggo a ƙarshe don shi na fi tsoro. Na same ta zaune a bakin gado da hantsi, hannun a kan cinyarta, fatarsa ta bushe. Na durƙusa na ce na zo ne a madadin ƙaninta, in akwai abin da ya rage tsakaninsu ta dubi Allah ta yafe masa.

Da ta yi magana, ba da muryar faɗan da na sani ba ce.

"Ni na yahe mashi tun muna bisa albasa," ta ce. "Na ga kanshi ba rawani, rana na dukanshi, na ce ya Allah wanga yaro ya isa haka."

Na ce to me ya hana ta gaya masa, shi da ya yi ta roƙo.

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta da hannun da ke aiki.

"Tun da yay yi aure bai zamna da ni ba sai da hannun ga ya mutu. Na ji tsoron in na hwaɗa mashi ya bar zuwa. Kullum ina cewa gobe."

Kwalbar man riɗin na nan a ƙarƙashin gado. Na jawo ta, na zuba a tafina, na ɗauki hannun. Ta bar ni na fara, can ta ce daga cikin mayafin ba haka yake yi ba, daga ƙaramin yatsa yake farawa.

Allah Ka ji ƙan mahaifinmu, Ka isar masa da abin da bai ji da kunnensa ba, Ka yafe mana mu da muka rage.